Nauyin Ya Ajimi

Masu cewa na cika baƙin rai a rubutuna, na ga saƙonninku, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Ke kuma da kika rubuto min cewa na samu miji manaja ina yi wa Allah butulci, gyara zama, yau da ke nake. Waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Muhsinat. A unguwar Fezzan aka haife ni a nan Maiduguri, aikina kuma tsayuwa a bayan kanta a filin jirgi, in duba tikiti, in auna kaya, in sha zagin mutanen da ba ni na ɓata musu rai ba. Sunan kamfaninmu Shamuwa. Ranar da zan ba ku labarinta ita ce jajiberin ɗaurin aurena.

Sai na fara da hanyar Damaturu, in ba haka ba ba za ku gane halin gidanmu ba. Babanmu yana da rumfar yadi a Kasuwar Litinin. A shekarun da abin nan ya yi zafi ya tafi Kano saro kaya, a hanyar dawowa aka tare motocinsu. Har yau ba mu ga gawarsa ba, agogonsa kawai wani direba ya kawo mana a ƙulle cikin leda. Ranar da aka share makoki Mama, wadda 'yan unguwa ke kira Ya Kellu, ta zaunar da mu, ni da yayana Ajimi, mu biyu ke nan Allah ya ba ta, ta ce duk wanda ya sake taka hanyar nan a cikinmu ba ta yafe masa ba duniya da lahira. Ba da kuka ta faɗa ba, idonta a bushe yake, shi ya sa muka tsorata. Har yanzu kuma hanyar ba ta gyaru ba. Da yamma sojoji kan rufe ƙofar shiga gari, motar da ta makara a nan bakin titi za ta kwana, a fili, ba mai tsaronta.

Ya Ajimi a Kano yake zaune, yana sayar da hulunan da matan Bama 'yan gudun hijira suke ɗinkawa a nan. Siriri ne kamar a hure shi ya faɗi, ga baki, ga tsokana, in ya sa ni gaba sai ya ga hawayena yake ƙyale ni. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfin mai sayar da hula, don haka Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Mama sai dai ta ga fuskarsa a waya tana shafa gilashin da yatsa. To kamfaninmu yana ba ma'aikacin da ya cika shekara biyu abin da muke kira tikitin iyali, ɗan'uwanka ya hau kusan kyauta. A bana na cika, na ajiye nawa ina lallaɓa shi kamar ƙwai don bikina. Amma tikitin yana da sharaɗi, ku riƙe shi da kyau. Mai tikitin iyali ba shi da kujera sai in akwai sarari, in kuwa nauyi ya yi wa jirgi yawa, shi ake fara saukewa.

Ku da kuke ganin tallan Shamuwa a talabijin, jirage uku a jere suna sheƙi, bari in gaya muku gaskiya. Ɗaya yana kwance a Legas an cire masa inji, ana gutsurar kayan jikinsa ana yi wa ɗan'uwansa faci. Na biyun, Turawan da suka ba da shi haya sun zo sun ɗauke abinsu. Saura guda ɗaya tal, wata tsohuwa da muke kira Hajiya Babba, ita ce Abuja, ita ce Kano, ita ce Maiduguri, ranar da ta yi tari kuwa duk kamfanin ya kwanta. An rufe Yola, an rufe Gombe, amma ba a taɓa Maiduguri ba don mu ne saniyar tatsa. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da 'yan siyasa da duk mai tsoron hanya, ko nawa aka yanka musu za su biya. Masu sayar da man jirgi a nan kuma sun daina yarda da kamfanin, saboda haka Hajiya Babba takan ɗauko man komawarta tun daga Kano, man nan kuwa nauyi ne. Shi ya sa za ka ga kujeru a wofi a ciki, ga mutane an bari a ƙasa suna tsine mana, ba su san jirgin ya riga ya ƙoshi ba.

Hashim shi ne manajan da hedikwata ta turo mana daga Kano. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Dogo ne, kullum cikin farar shadda mai guga, waya biyu a hannu, turarensa yana riga shi shiga ofis. Ranar da yaron wani ɗan siyasa ya ɗaga hannu zai mare ni a kan kuɗin kaya, Hashim ne ya riƙe hannun ya ce in ya isa ya sauke. Tun daga ranar na fara leƙa waya in ga ko ya turo saƙo. Mama kuwa da ta ji manajan jirgi ne ke sallama a ƙofar gidanta, ai sai ta manta da kowa. A wurinta Hashim ba suruki ba ne kawai, hanya ce ta sama da Allah ya buɗe wa 'ya'yanta. Ya Ajimi ne kaɗai bai yi na'am ba. Ya ce sun haɗu a Kano, mutumin ya gaishe shi ta tagar mota, ko gilashin bai gama saukewa ba. Na ce kishi ne irin na yayye, muka yi gaba ta ɗan lokaci. Shi ya fara saukowa, ya turo min: "Ko kura za ki aura ina nan zuwa. Ba za a ɗaura auren ƙanwata kamar marar gata ba. Ki tanadar min kujera kusa da taga."

Ana cikin shirin biki hedikwata ta ɓallo ruwa. Aka tara mu aka ce daga ƙarshen wata duk ma'aikatan Maiduguri sun koma 'yan kwantiragi, an soke alawus ɗin haɗari, wanda bai yarda ba ga ƙofa nan. Hashim ne ya sanar da mu, yana magana yana duba agogo. Mu da muke ratsa shingayen sojoji kullum mu zo aiki, mu da muke kwanciya a ƙarƙashin kanta in an ji ƙara, wai mu ne muka yi wa kamfani tsada. Madam Ijeamaka ta miƙe. Ita ce shugabar ƙungiyarmu, Ibo ce amma a Maiduguri aka yanke mata cibiya, Kanurinta ya fi nawa, kuma lokacin da danginta suka kwashe suka koma kudu ita ta ƙi tafiya. Ita ta koya min aiki, har da yadda ake yi wa fasinja murmushi alhali kana ji kamar ka shaƙe shi. Ta ce yajin aiki, kowa ya ce yajin aiki, har da ni.

Da yamma Hashim ya zo gida. A zaure bai tsaya wani rarrashi ba, ya ce duk wanda bai fito aiki ba an soke masa komai har da tikitin iyali, kuma ba zai ware ni ba don kada a ce ya yi son kai. Ya san sarai sunan wanda na sa a tikitin. Ashe Mama tana bayan labule. Kafin ya tayar da mota ta kira ƙaninta Kawu Ba'ana, suka sa ni a tsakiya. Kawu ya ce wace irin mace ce za ta ɗaga kwali tana zagin mijin da za ta aura. Na ce to Hashim ɗin ya saya wa Ya Ajimi cikakken tikiti mana tunda yana da hali, Kawu ya ce ka ji rashin kunya, tun ba a ɗaura ba za a fara kai masa kokon bara. Shi ma Ya Ajimi da na gwada masa zancen ya ce gara ya zo da ƙafa da ya zauna a kujerar da Hashim ya biya. Mama ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "In kika sa ɗana ya rasa jirgin nan, ke da Allah."

Washegari na sa rigar aiki, na naɗa lafayata a kai, na hau keke. A bakin ƙofar filin jirgi suna zaune a ƙarƙashin darbejiya da kwalayensu. Na sunkuyar da kai na ratsa ta tsakiyarsu. Dzarma mai lodin kaya, wanda kullum muke cin abinci kwano ɗaya, ya tofar da yawu a gefen takalmina. Madam Ijeamaka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Je ki, Muhsinat. Amma wanda ya iya yi mana haka, ke ma zai iya yi miki." Na ji haushinta ƙwarai, na ce a raina baƙin ciki take min. Hashim ya ɗebo wasu yara daga ofishin Kano suka cike guraben, jirgi ya ci gaba da sauka. A guruf ɗinmu na WhatsApp kuwa sunana ya koma Matar Oga. Wani ya sa hotona da rigar aiki ya rubuta a ƙasa wai amarya ta sayar da mu a kan akwati. Na karanta duka, ban tsallake ko ɗaya ba, ina karantawa ina cizon leɓe.

To akwatin ma ai bai zo ba. Dangin Hashim sun haɗa lefe a Kano, sai Hajiya Babba ta kwanta ciwo, aka yi ta jiran wani ƙarfe daga Legas. Da ta tashi kuma fasinjojin da suka taru suka yi yawa, babu wurin kaya. Kawu ya kawo shawarar a sako su a babbar mota, Mama ta ce Allah ya sawwaƙe, ita da ta gama gaya wa matan Fezzan kaf cewa lefen 'yarta ta sama zai sauko. Biki ya matso, maƙwabta suka fara leƙowa da irin gaisuwar nan da ba gaisuwa ba, "Ya Kellu, shiru dai har yanzu?" Mama ta daina cin abinci. Da kunnena na ji ta a waya tana ce wa Hashim ita dai kada ya bari a yi mata dariya, ya yi duk yadda zai yi kayan nan su iso kafin ɗaurin aure. Ya ce ta kwantar da hankalinta, jirgin jajiberi zai zo da su. Jirgin da Ya Ajimi zai hau ke nan. Na tambayi Hashim ko nauyi zai ɗauka, ya ce in bar masa aikinsa, ni yanzu amarya ce ba 'yar kanta ba. Na yi dariya, na bar masa.

Ana gobe jirgin zai zo Mama ta same ni ina kuka a kan zagin guruf. Ta fizge wayar ta kashe, ta jefa a durowarta ta kulle, ta ce amarya ba ta karanta zagi, fuskata za ta kumbura. Da safe aka miƙa ni hannun Hajja mai dilka a ƙuryar ɗaki. In ba ku taɓa shiga hannun matan Shuwa ba ba za ku gane ba. An murje ni da dilka tun daga wuya har tafin ƙafa, aka ɗora ni a kujerar tsuguno aka lulluɓe ni da bargo, hayaƙin turare yana ratsa ni, ina zufa kamar ana dafa ni. Daga tsakar gida ina jiyo ƙamshin danderu da burabusko, ina jin Mama tana cewa a zuba na Ajimi a sabuwar kula, kada wanda ya taɓa.

Wajen hantsi na ji hayaniya a ƙofar gida, muryar mace da ta Kawu Ba'ana. Can Mama ta leƙo tana huci, ta ce matar nan ce ta wurin aikinku, shugabar 'yan tawaye, wai lallai sai ta gan ki. Kawu ya kore ta, ya ce in ta sake dawowa zai kira mata 'yan kato da gora. Kun san abin da na ce? Na ce ya yi daidai, har gida za a biyo ni da fitina. Na tambayi Mama ko Ya Ajimi ya iso, ta ce sun yi waya, ya ce wani uzuri ya tsare shi amma yana nan tafe kafin magariba. Ta ce ai ta san halinsa, daga filin jirgi wurin matan hula ya zarce ya kai musu zare, uwarsa ce ta ƙarshe a lissafinsa. Ta faɗa tana murmushi. Bayan azahar aka zana min lalle hannu da ƙafa, Hajja ta ce in na motsa sai ta ci min mutunci.

Sai bayan la'asar 'yan kawo lefe suka iso, don sun tsaya masauki sun yi wanka sun caɓa ado. Amarya ba ta fitowa a irin wannan zama, don haka ta tsagar labule nake leƙen falo. Jagorarsu Anti Ammatullahi ce, yayar Hashim, gwal tun daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu, tana magana tana karkaɗa su don a ji. Aka jere akwatuna goma sha biyu masu ruwan zuma, aka fara buɗewa. Atamfofi, lesuka, shaddoji, lafayoyi har da masu duwatsu, takalma da jakunkunansu, ƙaramin akwati na sarƙoƙi. Matan Fezzan da suka zo dariya suka koma taɓa kaya da yatsa biyu suna haɗiyar yawu. Mama ta bar wa baƙi kujeru, ta hau kan babban akwatin ta zauna, ta baza wani leshi ruwan toka a cinya, wai a yi mata hoto. Rabon da in ga fuskarta haka tun Baba yana da rai. Wallahi har na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai zagin da na sha bai tafi a banza ba.

Sai Anti Ammatullahi ta ɗaga hannu a yi shiru. Ta ce, "Ku ba ku san irin son da ƙanina ke yi wa 'yarku ba. Yau da safe a Kano matuƙi ya ce nauyi ya yi yawa, sai dai a bar akwatunan nan. Na kira Hashim. Ya ce ko mutane za a sauke a sauke, lefen Muhsinat ba zai kwana a Kano ba. Ina zaune ina kallo ta taga aka juya da mutum huɗu daga bakin matakala. 'Yan tikitin kyauta ne dama."

Falon ya ɗauki guɗa. Mama ta ɗaga hannu biyu sama ta ce Allah ya yi wa Hashim albarka, ya ba shi masu yi masa. Aka ce amin, aka sake guɗa. Duk matan da ke falon nan babu wadda ta san yadda ake sauke mutane daga jirgi sai ni da ke bayan labule. Zufar turaren ta bushe a jikina.

Na miƙe da lallen da komai. Hajja tana kirana ban waiga ba. Na shiga ɗakin Mama ta ƙofar ciki, na ɗauki almakashinta na ɓalle durowar, kwalaben humra suka zube a ƙasa. Na kunna wayar, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ba za su ƙare ba. Na wuce na guruf, na buɗe na Ya Ajimi.

"Amarya, angonki ya sa an sauke ni. Na ga akwatunanki ana lodawa, sun yi kyau, sun ma fi ni ƙiba."

"Sun ce sai jibi in an samu wuri. Jibi ai an riga an ɗaura."

"Wayarki a kashe. Ina tasha. Kada ki gaya wa Mama, na ce mata uzuri ne."

"Mun wuce Potiskum. Direban nan tafiya yake kamar mai jin tausayin taya."

"Damaturu. Wasu sun sauka za su kwana. Direba ya ce in ya taka za mu samu ƙofa a buɗe. Ke kika fi ni sanin garin yanzu, in sauka ko in wuce? Amsa min."

Na ƙarshen gajere ne. "Shi ke nan, mun wuce. Ki ɓoye min danderu."

A ƙarƙashinsa ga na Madam Ijeamaka, tun na safe. "Ba zagi ya kawo ni ba. Yaran Kano sun ce an sauke yayanki, ya ce mota zai hau. Na gaya wa kawunki, ya kira shi a gabana, yayanki ya ce lafiya lau, kawunki ya ce ni maƙaryaciya ce. Ba ni da lambarsa. Don Allah ki sa shi ya kwana a Damaturu."

Na kira Ya Ajimi, ba ta shiga. Na sake kira, na sake. Na ce wa kaina ai dama wurin nan babu sabis, kowa ya sani. Daga masallacin unguwa aka fara kiran magariba. Na kira Madam Ijeamaka, bugu ɗaya ta ɗauka. Ba ta yi min gori ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce tun rana tana tasha tana tambaya, an rufe ƙofa, kuma motocin Kano da suka taso a makare babu wadda ta shigo. Ta ce tana nan ba za ta tafi gida ba sai dokar hana fita ta kore ta.

Sannan na kira Hashim. Ya ɗauka da dariya, wai amarya ta ga kaya ke nan.

Na ce, "Wa aka sauke a Kano?"

Ya daina dariya. Can ya ce, "Doka ce, Muhsinat, ke ma kin san ta. Sau nawa kika sauke 'yan'uwan wasu da hannunki?"

"Ka san yana ciki?"

"An karanto min sunaye." Ya faɗa kamar mai ba da rahoto a ofis. "Na ce a ba shi na jibi. Ni ban ce ya hau mota ba, taurin kansa ne. Kuma Mama da bakinta ta ce kada in bari a yi mata dariya."

Na ce masa Ya Ajimi yana bayan ƙofar gari yanzu haka. Ya ja tsaki, ba na tausayi ba, irin na wanda aka ƙara wa aiki. Ya ce yana da wani hafsan soja da ya sani, da safe zai kira shi, yanzu babu abin da za a iya yi. Sannan ya sassauta murya, irin muryar da yake kirana da ita ranki ya daɗe, ya ce don Allah kada in ɓata taro, Anti tana nan, in bari a sallami baƙi a ba su tukuici, Mama ba ta buƙatar sanin komai sai gobe bayan an ɗaura. A nan na tsane shi. Ba haushi ba, tsana, wadda ban taɓa sanin ina da irinta ba. Na kashe wayar yana cikin magana.

Na ɗaga labulen na fita falo yadda nake, ɗaurin ƙirji da zanin dilka, kai ba ɗankwali, lalle ya dame a hannuna da jikin wayar. Guɗar ta tsaya. Anti Ammatullahi ta kama baki tana kallona sama da ƙasa. Mama tana nan a kan babban akwatin da leshin a cinya. Ta zaro ido ta ce, "Ke lafiyarki kuwa? Koma ciki. Tunda kin ɗauko wayar ma kira min Ajimi, abincinsa yana hucewa."

Na ce, "Mama, sauka daga kan akwatin nan."

Ta ce me na ce.

"Ya Ajimi aka sauke aka ɗora akwatin nan. Yana hanyar Damaturu, kuma an rufe ƙofa."

Na zaci za ta yi ihu ko ta faɗi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi akwatin da take kai, ta miƙe a hankali kamar wadda ta zauna a kan kabari ba ta sani ba, leshin ya zame ya faɗi a ƙasa. Idonta a bushe, irin na ranar da aka share makokin Baba. Kawu Ba'ana ya leƙo daga tsakar gida yana tambayar me ya faru, ba wanda ya kula shi. Mama ta tako ta karɓi wayar daga hannuna, ta ce in danna mata lambarsa. Na danna. Ta kara a kunne da hannu biyu.

Falon ya yi tsit, har muna jin muryar matar nan ta kamfanin waya tana cewa ba a samun lambar a yanzu. Mama ba ta saurare ta ba. A kan muryar take magana, a hankali, kamar yana gabanta.

"Ajimi, na janye. Ka ji ni? Na yafe maka. Na yafe, ka shigo gida."